Ƙanena ya faɗa cacar ƙwallo, ina zan kai shi?

Tambaya: Likita, ƙanena mai shekara 24 ne ke tsare mini shago a babbar kasuwar Sakkwato. Sau biyu ina biya masa bashin cacar ƙwallo, ya dafa Alƙur'ani cewa ya daina, ga shi yanzu ya sayar da babur ɗinsa. Akwai magani kuwa, ko taurin kai ne? Daga wani mai karatu a Mabera.

Amsa: Malam, akwai magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar caca a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, a rukuni ɗaya da shaye-shaye.

Ban jin ƙarya ya yi ranar da ya rantse. Ka dubi yadda abin ke kama mutum: ya haɗa wasa goma a tikiti, tara suka ci, ɗaya ya yanke. Kuɗi sun tafi kakaf, amma zuciya na raya masa saura ƙiris. Washegari ba riba yake nema ba, so yake ya maido abin da aka cinye masa, daga nan sai rance, sai taɓa aljihun shago. Duk bashin da ka biya a ɓoye kuwa, fili ka share masa na sabon zubi.

Ku je Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, ko sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Na san da an ce Kware sai gaban mutanenmu ya faɗi, a ɗauka hauka ake nufi. Mai irin wannan lalura galibi ba a kwantar da shi, ganin likita zai yi ya koma gida. Jigon maganin shi ne zaman tattaunawa da ƙwararre a kai a kai, har ya gane abin da ke ingiza shi da yadda zai danne sha'awar idan ta taso. Za a kuma duba ko akwai ciwon damuwa ko shan ƙwaya irin Tramadol, domin sukan zo tare.

Kafin nan, ka janye shi daga kuɗin ciniki, ka riƙe katin bankinsa da yardarsa. Ku zauna ku rubuta bashin duka, har na manhajojin rance, sannan ya nemi kamfanin cacar ya rufe asusunsa a gabanka. Kada a tara dangi a tozarta shi, ɓuya kawai zai ƙara. Malamin da yake jin nauyinsa zai taimaka ƙwarai, amma tare da asibiti, don hukuncin caca a Suratul Ma'ida ba baƙo ba ne ga ƙanenka.

Idan ka ji yana cewa gara ya mutu ya huta da bashi, kada ka ɗauka barazana ce. Kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.