Tawali'u da gādon duniya: amsoshin tambayoyinku

Wata malama mai koyar da yara a makarantar Lahadi a Zariya ta rubuto tana cewa: "Malam, a Bishara ta Matiyu sura 5 aya 5 an ce masu tawali'u masu albarka ne, domin za su gāji duniya. Yarana sun tambaye ni ko mai tawali'u shi ne wanda ake takawa ya yi shiru. Mece ce ainihin ma'anar kalmar?"

Malama, yaranki sun yi tambaya mai kyau, kuma amsarta tana cikin asalin kalmar. Tawali'u aro ce daga Larabci, tawadu'u, wadda tushenta ke nufin ajiye abu ko sauke shi ƙasa. Kada harafin "l" ya ruɗe ki. Akwai wani harafin Larabci mai nauyi, lādun, wanda Bahaushe ya saba mayarwa "l" tun da daɗewa. Haka aka samu alƙali da alwala da farilla da larura da lamiri, haka kuma wasu ke cewa watan Ramalan. To, mai tawali'u shi ne wanda ya sauke kansa da kansa. Ba a sauke abin da yake ƙasa tun farko. Wanda aka danne har ya kasa motsi, sunansa wanda aka zalunta, kuma Hausa ba ta taɓa kiran halinsa tawali'u ba.

Karin maganar da ta fi bayyana wannan ita ce "durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne", wasu kan ƙara da cewa za ka tashi da tsawonka. Dogo ne ke durƙusawa, da zaɓinsa, kuma tsayinsa bai ragu ba. Ki gaya wa yaran wannan, za su gane nan take.

An rubuta Bisharar da Helenanci, kalmar da ke wurin kuwa ita ce praus. Helenawa kan yi amfani da ita ga dabbar da aka hora, irin dokin da ya karɓi linzami. Duk wanda ya taɓa kallon hawan sallah ya san cewa ingarman da ke takawa a hankali gaban sarki zai iya watsa taron in ya so. Aristotle, masanin falsafar Helenawa, shi ma ya bayyana wannan hali a matsayin tsaka-tsaki a sha'anin fushi, tsakanin mai zafin zuciya da wanda ba abin da ke motsa shi. Littafi Mai Tsarki kansa ya ba da misalai. A Littafin Ƙidaya 12:3 an ce Musa ya fi kowa a duniya tawali'u, alhali shi ne ya tsaya gaban Fir'auna. Wurin da aka faɗi hakan shi ne lokacin da 'yan'uwansa Maryamu da Haruna suka yi gunaguni a kansa saboda matar da ya aura. Bai rama ba, da kuturta ta kama Maryamu kuma shi ne ya roƙi Allah ya warkar da ita. Yesu Almasihu ya kira kansa mai tawali'u a Matiyu 11:29, amma da wani dogari ya mare shi a gaban babban firist, bai yi shiru ba. A Yahaya 18:23 ya ce wa mutumin, in ya faɗi abin da ba daidai ba ya nuna, in kuwa daidai ne, don me ya mare shi? Bai ɗaga hannu ba, bai kuma haɗiye gaskiya ba. Ina jin zafi ƙwarai in na ji an karanta wa macen da ake duka ko ɗan aikin da aka hana albashinsa wannan aya domin a rufe musu baki. Kalmar ba ta ɗauki wannan ma'ana ba.

Wani ɗan'uwa daga Jos ya tambaya: "Shin tawali'u da haƙuri da kawaici abu ɗaya ne?"

Maƙwabtan juna ne, amma kowa da gidansa. Haƙuri jure abin da ya same ka ne, ko ciwo ko talauci ko jinkiri, shi ya sa ake cewa mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. Kawaici kuwa ka ga abu ka kau da kai don kada wani ya ji kunya. Tawali'u ya shafi yadda ka ɗauki kanka a gaban Allah da mutane. Mutum na iya yin haƙuri da haƙora a cije, yana jiran ranar ramuwa, kuma mai girman kai na iya kawaici don ya raina ka. Kishiyar tawali'u ita ce girman kai, wanda Hausawa suka kira rawanin tsiya.

Tambaya ta uku ta zo daga wani ɗalibin makarantar horar da fastoci, kuma ta fi ba ni sha'awa. Ya ce ya ji wani yaro ya karanta ayar kamar ana nufin masu tawali'u za su gaji da duniya, su ƙosa da ita. Ya kuma ce: "Me ya sa ma za a yi wa mutanen kirki alkawarin duniya, bayan kullum ana ja mana kunne game da ita?"

Kuskuren yaron laifin rubutunmu ne. Bokon Hausa ba ya nuna tsawon wasali, don haka gaji na gajiya da gāji na gādo suna kama a takarda, kamar yadda gadon kwana da gādon uba suke kama. Shi ya sa masu fassara kan ɗora ɗan layi a kan "a" a irin wannan wuri. Asalin aikatau ɗin gāda ne: ya gāda, ya gāje shi, ya gāji ubansa, inda "d" ke komawa "j" kamar a gudu da guje. Daga nan muka sami magaji da magajiya da sarautar Magajin Gari, da karin maganar "kyan ɗa ya gāji ubansa". Alama mai sauƙi ga mai karatu ita ce, gajiya kan nemi "da" bayanta, gādo kuwa ba ya nema.

Ka lura da nauyin wannan kalma. Gādo ba a ƙwatarsa da takobi, ba a kuma sayensa a kasuwa. Ana samunsa ne saboda dangantaka da mai abin. Zamanin da Yesu ya yi wannan wa'azi a kan dutse a Galili, Romawa ne ke riƙe da ƙasar da ƙarfin soja, kuma akwai masu ganin sai an yi tawaye za a karɓe ta. A cikin wannan hali ya ce waɗanda ba sa ƙwace su ne magada.

Batun duniya kuwa, damuwarka tana da dalili. A bakin Bahaushe kalmar tana da tabo: abin duniya, ɗan duniya, ta shiga duniya, duniya budurwar wawa. Amma kalmar Helenancin da aka fassara, ge, tana nufin ƙasa, wato doron da muke takawa ko ƙasar wata al'umma. Yesu yana maimaita Zabura 37:11 ne, inda aka ce masu tawali'u za su gāji ƙasar su ji daɗin yalwar salama. Zaburar nan gaba ɗayanta tana lallashin mutumin da ke ganin mugaye na samun arziki, tana ce masa kada ya tayar da hankalinsa. A can, ƙasar da ake nufi ita ce ƙasar alkawari. Malaman Kirista sun faɗaɗa ta zuwa sabuwar sama da sabuwar ƙasa da aka ambata a 2 Bitrus 3:13 da Wahayin Yahaya 21:1. 'Yan'uwa Musulmi masu bin wannan fili za su tuna da aya ta 105 a Suratul Anbiya, mai cewa an rubuta a Zabura bayin Allah salihai ne za su gāji ƙasa.

Tun daga 1932, lokacin da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fara fitowa da Hausa, wanda Dakta Walter Miller na Zariya yake cikin manyan masu aikinsa, masu karatu suka saba da "duniya" a wannan aya, ba na kuma cewa a canja ta. Shawarata ga ɗalibin ita ce, ranar da zai yi wa'azi a kanta, ya fara karanta wa jama'a Zabura 37 tukuna, kuma ya ja wasalin gāji sosai yadda na bayan coci za su ji.