Hawa zuwa masaukin Croix du Bonhomme: sabon shiga zai iya?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Grenoble, ƙasar Faransa. Abokan karatuna sun shirya mu hau tsauni a watan Yuli, daga Les Contamines zuwa masaukin Croix du Bonhomme, mu kwana a can. Ni kuwa ban taɓa hawan abin da ya fi Dutsen Dala ba. Zan iya kuwa? Me zan tanada?

Amsa: Za ka iya, in dai lafiyarka ƙalau kuma kun yi sammako. Hanyar wani yanki ce ta zagayen tsaunin Mont Blanc, a shate take, ba ta buƙatar igiya. Wahalarta tsawon hawa ne. Za ku tashi daga ɗan cocin Notre-Dame de la Gorge, kusa da Les Contamines, a tsayin mita 1,210 daga matakin teku, ku kwana a sama da mita 2,400. Mai tafiya a tsanake yakan hau mita 300 zuwa 400 a awa, ke nan hawan kansa awa uku zuwa huɗu ne, amma in an haɗa da nisan hanyar ka ƙiyasta awa biyar, ban da hutu.

Farkon ne ke karya gwiwar baƙo: tsohuwar hanyar dutse da ake dangantawa da Rumawa, a miƙe cikin daji. Kada ka biye wa masu sauri, yi takun da za ka iya hira da shi. Bayan masaukin Nant Borrant sai kwari ya buɗe, ga ciyawa shar, ga shanu da ƙararrawa a wuya, waɗanda ake haurowa da su in dusar ƙanƙara ta narke, kusan yadda Fulani ke tafiya mashekari. Ƙofar shinge duk da ka buɗe, ka rufe ta. Ruwan rafin da ya ratso wurin kiwo kuwa, komai kyansa a ido, kada ka sha. Ka cika gorarka a masaukin La Balme, mita 1,706.

In kun ci karo da garken tumaki, mai yiwuwa akwai farin ƙaton karen da ake kira patou, wanda ke tsaron su daga kyarkeci. Zai taso yana haushi. Tsaya cak, kada ka gudu, kada ka ɗaga sanda ko ka zuba masa ido. Yi masa magana a hankali, ya shinshina ka, sannan ku zagaye garken daga nesa.

Dalilin da ya sa na nace a kan sammako shi ne hadari. A lokacin zafi da rana tsaka yake haɗuwa, kuma daga La Balme zuwa mashigar Col du Bonhomme, mita 2,329, babu bishiya babu mafaka. Daga mashigar ma da sauran kusan awa guda a kan duwatsu, inda dusar ƙanƙara kan kai farkon Yuli ba ta gama narkewa ba. Ku tashi da bakwai na safe, ku duba hasashen yanayi tun da dare kafin ranar tafiya, in sama ta ɓaci ku juya. Sanyi kuma yana ƙaruwa da kusan digiri 6 a duk mita 1,000, don haka rigar sanyi da ta ruwa dole ne, ko da a Grenoble ana gumi. Sabon takalmi zai ci maka ƙafa, fara yawo da shi tun yanzu.

Masaukin na ƙungiyar masu hawan tsauni ta Faransa ne, kuma ba otel ba ne. A ɗaki ɗaya ake kwana da mutane da yawa, a bakin ƙofa ake cire takalmi, kowa da zanin gadonsa. Dole a kama wuri tun da wuri, don Yuli cike yake. A lokacin ne za ka gaya musu ba ka cin naman alade, domin girkin wannan yanki na Savoie ba ya rabuwa da shi, kuma tukunya ɗaya ake yi wa kowa da dare. Ka riƙe tsabar kuɗi da tocila. Lambar neman agaji 112 ce, sai dai ba ko'ina waya ke kamawa a kan hanyar ba.