Zauren Masu Karatu: Zanen Baba Yana Zuba, Ko Jabu Aka Sayar Mini?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a Katsina. Kwanakin baya na sayi zane mai rinin baba a Kano, amma ranar da na fara ɗaura shi sai na ga shuɗi ya kama mini hannu da farin mayafina. Shin jabu aka sayar mini? Sannan ina sha'awar koyon wannan aiki a lokacin hutu, sai dai ban san ta inda zan fara ba, tunda ba gadon gidanmu ba ne.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Ki kwantar da hankalinki, domin zubar launi a ɗaurin farko ba ta nuna cewa an cuce ki. Baba, wato tsiron da ake samun shunin rini daga ganyensa, launinsa ba ya shiga cikin zare kamar yadda wasu launuka ke yi. Yana kwanciya ne a kansa, shafi bisa shafi. Idan marini ya tsamo zane daga cikin marina, za ki ga ya fito kore-kore, sai iska ta buge shi sannan ya juye shuɗi a gaban idonki. Daga nan ya sake tsoma shi, ya tsamo, ya shanya, har launin ya kai duhun da ake so. Abin da ya kama miki hannu shi ne ragowar shunin da bai sami wurin zama a kan zaren ba, kuma wanki biyu ko uku zai raba ki da mafi yawansa.

Akwai ma kayan da ake so su zuba. Rawanin nan ɗan Kura, wanda sunan garin Kura da ke kusa da Kano ya bi shi, ana kai shi mabuga ne bayan rini, a barbaɗa masa shuni, a yi ta dukansa a kan gungumen itace har ya ɗauki ƙyalli. Buzayen Agadas da kewaye sun daɗe suna sayensa da tsada, kuma shuɗin da yake bar musu a fuska ado ne a wurinsu. Wannan ciniki tsoho ne ƙwarai: matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta yadda rinannun tufafin birnin ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus.

Sai dai zubar ba ta tabbatar miki cewa baban gargajiya ne ba, domin tun 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, shi ma kuwa yana zuba. Marina da yawa a yau da shi suke aiki saboda sauri da sauƙin kuɗi. Na gargajiya kuwa yana bukatar a haɗa baba da toka a cikin rami mai zurfi, a riƙa motsawa kullum na kwanaki har ruwan ya nuna ya yi kumfa, kuma yana da wani wari nasa da duk wanda ya taɓa tsayawa a karofi, wato wurin ramukan rini, ba ya mantawa. A ganina babu laifi a sayi kowanne, laifin shi ne a sayar wa mutum na kanti da sunan na rami. Saboda haka ki riƙa tambayar mai kayan kai tsaye. Wajen wanki, ki ware shi shi kaɗai, ki yi amfani da ruwan sanyi da sabulu mai laushi, ki guji bilic, sannan ki shanya shi a inuwa.

Game da koyo, rashin gado ba zai hana ki ba, domin tun asali aikin a rabe yake. Maza ne ke tsayawa a bakin rami, amma ɗaurin da ke fitar da zane-zanen nan masu kama da rana da taurari, yawancinsa mata ne ke yin sa a cikin gida. Nan ne ya kamata ki fara. Ki sami farin yadi na auduga zalla, domin mai haɗin roba ba ya karɓar baba yadda ya kamata, ki wanke shi sitacin ya fita. Sai ki tsunkuli yadin da yatsu, ki sa ƙwayar wake ko ƙaramar tsakuwa a ciki, ki naɗe gindinta da zare tamau. Duk inda zaren ya matse, rini ba zai shiga ba, kuma idan an kwance za ki tarar da farin zobe. Ƙarfin ɗaurin shi ne komai. In ya yi sako-sako, zanen zai fito a dusashe. Ki fara da ɗankwali ko rigar matashin kai kafin ki taɓa turmi guda.

Idan kin gama, ki kai wa marini ya tsoma miki. Ban ba ki shawarar haɗa rinin zamani a tsakar gida ba tukuna, saboda sodar da ake sa masa tana ƙona fata, ga kuma yara suna kai da kawo. Duk ranar da kika sake shiga Kano, ki je marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tana nan tun 1498, ki tafi da ɗaurinki a hannu. Abin da ke damuna da wurin shi ne ramukan da aka daina aiki da su sun fi waɗanda ake aiki da su yawa, kuma mu 'yan gida mun bar wa baƙi masu ɗaukar hoto zuwa can. Marinan suna bukatar masu kawo musu aiki a kai a kai. Tunda ke malama ce, ki gwada raba wa ɗalibanki ƙyalle da zare a darasin aikin hannu, kowa ya yi ɗaurinsa, a tara a aika marina gaba ɗaya, in an dawo da su kowa ya kwance nasa da hannunsa a cikin aji.