Amsa: Injin dizil zai iya riƙe wutar unguwa dare da rana?

Malam, tambayarka ita ce ko injin dizil mai ƙarfin kVA 100 (ma'aunin girman injin wuta) zai iya ba unguwarku wuta awa 24, har ka riƙa karɓar kuɗi a hannun jama'a. Wutar zai bayar, amma ban ba ka shawarar ka bar shi yana aiki dare da rana ba. Ka tsayar masa da lokaci, daga magariba zuwa sha biyun dare, sai kuma hantsi idan masu niƙa da masu walda sun fito.

Dalilina, injin dizil ba ya son ƙaramin lodi, wato a riƙa jan wuta kaɗan a jikinsa. Lita ɗaya ta man gas kan ba da yunit uku na wuta ko sama kaɗan idan injin ya ɗauki kaya sosai. Amma tsakar dare, daga fanka sai ƙwan lantarki, mai yake sha a banza. Idan lodin ya daɗe ƙasa da kashi 30 cikin ɗari na ƙarfin injin, man ba ya ƙonewa duka. Na sha ganin baƙin maiƙo yana ɗiga daga bakin salansa saboda haka, kuma gyaransa akwai cin kuɗi. Sannan don Allah ka saka wa kowane gida mita, domin kuɗin bai-ɗaya na wata-wata shi ke sa wani ya jona hita kai kana biyan mai.