Mai karɓar kemo: ta kwanta ko ta motsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan da aka yi wa mahaifiyata tiyatar kansar ƙwan mahaifa, yanzu ana sa mata kemo, wato maganin kansa da ake bayarwa ta ƙarin ruwa, duk bayan mako uku. Tun da aka fara, ba ta sauka daga gado sai za ta yi alwala. 'Yan'uwa sun hana ta ko ɗaga buta, wai jinya hutu take so, amma ni ina ganin kullum ƙara raunana take yi. A bar ta a kwance?
Daga 'yarta, Ƙofar Marusa, Katsina

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Abin da idonki ya gani gaskiya ne. Kasalar kemo barci ba ya warware ta. Mai yini a kwance tsokar cinyoyinta zubewa take yi, tashi daga tabarma ya zama aiki, sai ta ƙara kwanciya, jikin ya ƙara mutuwa. Ga kuma haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, wanda dama yana da yawa ga masu wannan cuta. Shi ya sa a 2022 ƙungiyar likitocin kansa ta Amurka ta ce a riƙa sa masu karɓar magani suna motsa jiki a lokacin jinyar, ba sai an gama ba.

Dabarar ita ce a bi zagayen maganin. Yawanci carboplatin da paclitaxel ake haɗawa, duk kwana 21, sau shida. Daga rana ta biyu zuwa ta biyar bayan ƙarin ruwan ne tashin zuciya da ciwon gaɓoɓi suka fi tsanani. A nan minti biyar na zagaya tsakar gida, sau biyu ko uku a yini, ya wadatar. Tsakanin rana ta 7 da ta 14 fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki ke nan, sukan yi ƙasa sosai. Ta ci gaba da tafiyarta, amma a cikin gida. Ban da taron biki, suna ko kasuwa. Mako na uku shi ne na samun ƙarfi, a nan za a ƙara minti biyu ko uku kullum har ta kai minti 30, aƙalla sau uku a mako. Ma'aunin saurin kuwa bakinta ne: in tana iya hira da ke tana tafiya, daidai ne. In haki ya hana ta ƙarasa magana, ta rage.

Tafiya kaɗai ba ta mayar da tsoka. Sau biyu a mako ta zauna a kujera mai ƙwari da aka jingina da bango, ta miƙe, ta koma, sau takwas zuwa goma, ta huta, ta sake. Sannan ta riƙe ledar fiya wata ɗaya a kowane hannu, rabin kilo ke nan, tana naɗe hannun tana miƙewa sau goma. Kada ta riƙe numfashi lokacin yunƙuri, domin hakan na danna ɗinkin ciki.

Da sassafe za a yi, ko bayan la'asar sakaliya, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafin Katsina kan kai digiri 40. Da hunturu ta sa takunkumi saboda ƙura.

Ranar da zafin jikinta ya kai 38 a ma'auni, babu motsa jiki, babu kuma jiran gari ya waye. Kada a ba ta farasitamol a ce maleriya ce, a tafi asibiti nan take. Haka in sharaɓa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko ƙirji ya riƙe, ko numfashi ya sarƙe. In gwaji ya nuna ma'aunin jininta (haemoglobin) ya sauka ƙasa da 8, wato PCV, awon yawan jajayen ƙwayoyin jini, wajen 24, ko ƙwayoyin tsayar da jini sun yi ƙasa da 50,000, a dakata sai likitanta ya ba da izini.

Tambaya: Maiɗakina tana zagaye na huɗu. Ta ce daka da jan ruwa sun ishe ta motsa jiki. Kwanan nan ƙafafunta sun fara mutuwa, har silifas na fita ba ta sani ba.
Daga wani magidanci, Daura

Amsa: Malam, daka da guga a karɓe mata su yau. Bayan tiyatar ciki, aƙalla mako shida ba a ɗaukar abin da ya wuce kilo biyar, kuma kemo na jinkirta warkewar nama. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce. Irin wannan yunƙurin ne ke buɗe ɗinkin ciki ya zama kaba, a koma tiyata ta biyu. Tsince shinkafa, ninke kaya da girki mara nauyi ba laifi.

Mutuwar ƙafar ta fi damun mu. Aikin paclitaxel ne a kan jijiyoyi, yana kuma taruwa zagaye bayan zagaye. Mata da yawa suna ɓoyewa don tsoron kada a tsayar musu da magani, alhali in an faɗa da wuri likita na iya rage adadin, in an yi shiru kuwa yana iya zama na dindindin. A faɗa kafin ƙarin ruwa na gaba. Ta bar silifas ta koma kambas, kullum da dare a duba mata tafin ƙafa ko ƙaya ta shiga ba ta ji ba, ruwan wanka kuma ta gwada zafinsa da gwiwar hannu. Don kada ta faɗi, ta dafa bango ta tsaya da ƙafa ɗaya daƙiƙa goma, ta sauya, sau biyar. In jiri na ɗibar ta wajen ɗagowa daga sujada, ta yi sallarta a zaune.

In Kano ko Zariya kuke zuwa karɓar maganin, ta riƙa juya idon sawu a cikin mota, duk awa ɗaya kuma a tsaya ta sauka ta taka.