Tambaya da Amsa: Maigida zai kawo wa yara ɗan kwikwiyon Turawa, ni kuwa gabana na faɗuwa

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, muna zaune a Ƙofar Ƙaura cikin birnin Katsina. Karyar wani abokin maigidana da ke Abuja ta haihu, ya yi wa Baban yara alkawarin kwikwiyo ɗaya, irin mai dogayen kunnuwa da gashi luf-luf, wai sunansa cocker spaniel. Makonsa bakwai da haihuwa. Tun da yaran suka ga bidiyonsa a waya suka hana ni sakat. Babbar shekararta 11, mai bi mata 7, autan bai cika 3 ba. Ni tsoron cizo nake yi da ciwon haukan kare, don ina yarinya na ga yadda ɗan maƙwabtanmu ya rasu da shi, har gobe ban manta ba. Maigida ya ce in kwantar da hankalina, karen Turawa ne ba ya hauka, kuma an riga an yi masa allura har da kati. Likita, in amince ko in tsaya a kan bakana? Allah Ya ƙara basira.

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya raya zuri'a. Ki tsaya a kan bakanki tukuna. Maganar da aka rarrashe ki da ita ba ta da tushe, kuma a duk maganganun da nake ji a wannan aikin namu na likitan dabbobi babu wadda take ɗaga mini hankali kamarta. Amma bari mu fara sallamar karen kansa, shi nasa mai sauƙi ne.

Koka, kamar yadda muke taƙaita sunan, a Ingila aka samar da shi don farautar tsuntsaye: ya kutsa cikin ciyawa ya tayar da tsuntsu, maharbi ya harba, shi kuma ya ɗauko. Akwai na Ingila, akwai na Amurka wanda ya fi ƙanƙanta da yawan gashi. Na Ingilan idan ya girma nauyinsa kan tsaya tsakanin kilo 12 zuwa 15, kuma yakan yi shekara 12 zuwa 14 a duniya. Ki yi lissafi da kanki. Ta yiwu babbar 'yarki tana ɗakinta, karen nan yana tsakar gidanki yana jiran kwanon abinci daga hannunki, domin ɗokin yara wata biyu ne, sauran aikin na uwa ne. Yana da son mutane da saurin koyo. Sai dai idan gadi Alhaji yake nema, ya ɓata hanya, wannan da kaɗa wutsiya zai tarbi ɓarawo. Ba ya kuma jure kaɗaici. A ɗaure shi a bayan gida, haushi da kuka zai yi ta yi har maƙwabta su kai ku gaban mai unguwa.

Jikinsa ma ba da garinmu aka auna shi ba. A watan Afrilu da Mayu zafin Katsina yana haura digiri 40, kare kuwa da haki yake fitar da zafi, ba ya jiƙewa da gumi irin namu. Karen 'yan farautarmu mai gajeren gashi ya san ya tona ƙasa mai sanyi ya kwanta har la'asar. Wannan kuwa kamar an sa masa bargo ne a tsakiyar bazara. Kunnuwan da suka burge yaran, su ne babbar lalurarsa: sun rufe ramin kunnen kamar murfin tukunya, iska ba ta shiga, sai danshi, sai wari, sai ki ga yana ta girgiza kai yana sosawa. Da kaka ƙarangiya ta bushe, fita ɗaya zai yi ya dawo kunnuwan sun dunƙule kamar an zuba musu ƙaro. Na sha zama da almakashi ina tsince ta ɗaya bayan ɗaya, kare na kuka, mai kare na kallon agogo. Da damina kuma kaska ta samu maɓoya a cikin gashin. Kuma don Allah, duk wanda ya ce a fesa masa fiya-fiya ko a shafa masa baƙin mai don kashe kaska, a ba shi haƙuri ya wuce. Guba ce ga karen, guba ce ga yaron da zai rungume shi.

Hukuncin ajiye kare a gida ba fagena ba ne. Kowa ya san hadisi ya ambaci karen farauta da na kiwo da na gona. Ku tambayi malaminku, ku ji ta bakin iyaye, tun kafin a sako shi a mota. Bayan yara sun raɗa masa suna, rabuwar ta zama rigima.

To, mu dawo kan “karen Turawa ba ya hauka.”

Hajiya, ƙwayar cutar nan ba ta duba fasfo. Duk dabbar da ke shayar da 'ya'yanta nono tana iya kamuwa: kare, kyanwa, jaki, saniya, akuya, mutum. Tana cikin yawun dabbar da ta kamu, ta shiga ta cizo ko yakushi ko lasar wurin da fata ta buɗe, sannan ta bi jijiya sannu a hankali har ƙwaƙwalwa. Karen da aka saya da tsada da wanda ke kwana a bola, jijiyarsu iri ɗaya ce. Abin da ya sa ba a jin labarin ciwon a karnukan Ingila shi ne doka da rigakafi da tsaron iyaka na shekaru masu yawa. Da zarar jikan jikan wancan karen ya sauka a unguwar da karnukan da ba su da mai su suke yawo da dare, ya zama ɗan gari. Ƙofa ɗaya da ɗan aike ya manta a buɗe ta isa.

Sai batun katin. Allurar haukan kare a wata uku da haihuwa muke yin ta, wato mako 12, kuma sai ta yi kamar wata guda a jiki kafin mu ɗauka ta kama. Kwikwiyo mai mako bakwai, iyakar abin da zai yiwu an yi masa shi ne allurar farko ta cututtukan ƙuruciya, irin su fabo mai sa amai da gudawar jini, wadda ita ma sai an maimaita ta duk mako uku zuwa huɗu har ya kai wata huɗu. Saboda haka idan an ce wa Alhaji an gama masa allura, to ko dai abokin bai fahimci wadda aka yi ba, ko kuma wanda ya yi allurar ya yi masa rufa-rufa. Ban ce abokin maƙaryaci ba ne. Yawancinsu da zuciya ɗaya suke maimaita abin da aka faɗa musu.

Masu faɗa musun ne matsalata. Yanzu duk wanda ya sayi sirinji da farar riga ya zama dokta. Yana yawo a kan babur da kwalbar rigakafi a aljihun wando, rana na dukanta tun hantsi. Rigakafin nan a firji take zama, tsakanin digiri 2 zuwa 8, idan za a fita da ita kuma sai cikin kula da ƙanƙara. Wadda ta sha zafin aljihu ba ka da tabbacin ta fi ruwan randa amfani. Ya caka wa kare, ya ciro kati da ya bugo a shagon kwamfuta, ya yi wani karce a matsayin sa hannu, ya karɓi kuɗinsa. Mai gida ya ajiye katin a durowa yana barci da minshari. Wallahi gara mutumin da ya san karensa ba shi da rigakafi, shi aƙalla idan aka yi cizo zai ruga asibiti. Mai katin bogi cewa zai yi a bar yaro ya yi barci, ai an yi wa karen allura.

Kuma mutane sun ɗauka mahaukacin kare sai wanda ke gudu a titi ido jajir yana kai wa kowa cafka. Akwai nau'in da shiru yake yi. Kare ya lafe a lungu, muƙamuƙinsa ya saki, baki a buɗe, dalala na zuba, ba ya iya haɗiya. Nan take sai wani mai tausayi ya ce ƙashi ne ya maƙale masa, ya naɗe hannun riga ya zura yatsu cikin bakin yana lalube. Na ga wannan ba sau ɗaya ba. Wani bawan Allah ya kawo mini karensa a bayan mota cikin kwali, yana nuna mini yadda shi da ɗansa suka kwana suna neman ƙashin da tocilan waya. Na dubi hannunsa, ga tsagar wuƙa sabuwa a babban yatsa. Ban bari ya zauna ba, na ce shi da yaron su wuce asibiti yanzu-yanzu. Sai da ya tsaya yana mini gardama cewa ai karen bai cije shi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da wannan ciwo duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar kare, kuma kimanin huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Dalilin a fili yake. Yaro fuskarsa daidai take da bakin kare, cizon fuska da wuya da yatsu kuwa ya fi saurin kai ƙwayar ga ƙwaƙwalwa. Sannan yaro yana ɓoye cizo don tsoron duka. Alamun sukan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin su fito, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. Kafin nan tabon ya warke, kowa ya manta. Ranar da yaro ya fara firgita da ganin ruwa a kofi, babu likitan da zai iya ce miki komai sai haƙuri. Ke kin gani da idonki, ba sai na zana miki ba.

Abin takaicin, tun shekarar 1885 masanin kimiyya Louis Pasteur ya yi wa wani yaro da mahaukacin kare ya ciza rigakafin farko a Faransa ya tsira. A nan gida ma cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato ta daɗe tana haɗa rigakafin karnuka. Amma har yau idan kare ya ciji yaro, abin da ake fara yi shi ne a tsige gashin karen a ƙona a shafa tokar, ko a ɗaure wurin da tsumma da garin magani, ko a kashe karen nan take a jefar. Masu ɗan wayewa su tafi kemis a yi allurar tetanus a ba da kafso, a dawo gida an gama. Allurar tetanus daban, ta haukan kare daban, kamar bambancin maganin sauro da na ɓera. Mai kemis ɗin da ya sallami yaro a haka bai ce a wuce asibiti ba, ya ji tsoron Allah.

Ga abin da ake yi, ki koya wa kowa a gidan har mai aiki da maigadi, ko kun karɓi karen ko ba ku karɓa ba. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 cur, a duba agogo, ko da buta ce a yi ta cikowa. A sa aidin ko sifirit. Kada a ɗaure tamau, kada a yi gaggawar ɗinki. A je babban asibiti a ranar, a faɗi gaskiyar abin da ya faru. Allurar a dantse ake yin ta, ƙananan yara a cinya, ranar farko da ta 3 da ta 7 da ta 14, wani tsarin har ta 28. Tsohon zancen allurai barkatai a cibiya ya wuce tuntuni, kada ya tsorata kowa. Idan cizon ya yi zurfi akwai ƙarin wani ruwan kariya da ake zubawa cikin raunin kansa. Karen kuma a tsare shi kwana goma ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi, amma ba a jiran kwana goman kafin a fara wa yaro allura. Na san za a iya ce muku babu maganin a nan, ku gwada can, can ma a ce mai makullin firji ya fita. Ni ma abin yana ƙona mini rai. Ku yi ta bi har a samu, a sayar da akuya in ta kama.

Shawarata dai, kada a kawo shi yanzu. Kwikwiyo bai kamata a raba shi da uwarsa kafin mako takwas ba, kuma yaron da bai kai shekara uku ba bai san bambancin kunnen kare da igiyar wasa ba. Kwikwiyo kuwa da baki yake wasa, haƙoransa kamar allura. Ko kare mai haƙuri yana iya kai cafka idan aka taɓa kwanonsa yana ci, ko aka ja kunnen da ke masa ciwo. Da ni ne, sai autan ya kai shekara biyar ko shida. Idan Alhaji ya matsa, to a bar shi wurin uwarsa ya cika wata uku, likita mai rajista ya yi masa allurar haukan, a ƙara wata ɗaya, a kawo shi bayan zafi ya karye. A tanadi rumfa mai inuwa da ruwa, a sa kuɗin rigakafin shekara-shekara da maganin tsutsa da na kaska cikin lissafin cefane, kuma kada a taɓa barinsa shi kaɗai da ƙaramin.

Kafin nan, ki ce wa Alhaji abokinsa ya turo hoton katin gaba da baya. Ki duba ranar haihuwar kwikwiyon, da sunan allurar da aka yi, da 'yar takardar da ake ɓantarowa daga jikin kwalba a manna, mai lambar rukuni da ranar lalacewa, da sunan likitan da lambar rajistarsa. Idan an rubuta allurar hauka a mako shida, ko wurin mannawar fayau yake, ki turo mini hoton mu karanta tare.