Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Idan Jinin Al'ada Ya Rasa Hanyar Fita

Tambaya daga Mabera: Likita, 'yata shekararta 13, har yanzu ba ta fara al'ada ba.

Amsa: Hajiya, in nono ya fara fitowa kuma ba ta ciwon mara, a ba ta lokaci. In ta kai 15 shiru, ko nono ya shekara 3 da fitowa ba jini, a kawo ta asibiti.

Tambaya daga Gwadabawa: Ƙanwata shekararta 15, ba ta taɓa ganin jini ba, amma duk wata sai ta yi ta birgima da ciwon mara. Yanzu marar ta kumbura, fitsari na yi mata wuya. An ce gishiri ne, za a kira wanzami.

Amsa: Malama, don girman Allah kada aska ta taɓa yarinyar nan! Alamun nan sun nuna jinin yana zuwa, ƙofar fita ce babu, kuma da haka aka haife ta. Galibi tantanin budurci ne ya rufe ruf. In likita ya duba zai gan shi ya turo waje, shuɗi-shuɗi, saboda jinin da ke bayansa. Wani lokacin shamaki ne na tsoka ya gitta can cikin farji, ko bakin mahaifa bai buɗe ba, waɗannan kuwa ido ba ya ganinsu daga waje. Jinin kowane wata yana taruwa, ya cika farji, ya hau mahaifa, ya danne mafitsara. In aka daɗe yakan kai bututun ƙwai, ya taɓa haihuwarta nan gaba. Jinin da ya taru ne ya kumbura mata mara, saboda haka a daina kallonta da zargin ciki.

Wanzami a makance yake yanka, alhali mafitsara na gaba, dubura na baya. Ta nan ake gamuwa da yoyon fitsari da zubar jini. Huda da allura ma haɗari ne, ƙwayoyin cuta za su shiga tsohon jinin ya zama mugunya. Jiƙo da kanwa kuma ba sa buɗe toshewar halitta, ɓata lokaci ne kawai.

Ku kai ta sashen mata na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Za a yi mata hoton ciki, a duba har ƙoda, don wasu irin waɗannan yaran da ƙoda ɗaya ake haifarsu. In tantani ne, ƙaramin aiki ne: a yi mata allurar barci, a tsaga shi, baƙin jini mai kauri ya fita. Shamaki da bakin mahaifa sun fi wuya, sai ƙwararru. In fitsari ya tsaya cak, ko da tsakar dare ne, ku taho. Na sake faɗa, ban da wanzami.

Tambaya daga Bodinga: Wadda aka yi wa aikin tantani za ta haihu?

Amsa: Galibi lafiya lau, musamman in an yi da wuri. Ta dai koma ganin likita ranar da aka sa mata.